Murfin Zinariya na Farfesa Dodon Teku

Duk wanda bai san Farfesa Dodon Teku ba, to, bai taɓa bi ta ƙofar ofishinsa ba ne, don da ya bi da an tare shi an sanar da shi. Bawan Allah ne da aka hore wa ilimin teku ba tare da ya taɓa jiƙa ƙafa ba. Sau ɗaya ya hau kwalekwalen masunta don a ɗauke shi hoto. Kwalekwalen yana ɗaure a gaɓa, amma sai da ya yi amai a bokiti. Hoton yana nan a bango, an yanke wajen bokitin.

Shekara uku ke nan yana neman sabon maganin ƙwayoyin cuta a jikin halittun teku, tunda tsofaffin magunguna sun fara gazawa. Wato shi yana nema a ɗakunan taro, Anti tana nema a ɗakin gwaji. Anti ita ce ma'aikaciyar da ke karɓar soson teku, wata halitta mai kama da soson wanka, daga hannun masunta, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace, ta ɗiga ruwan a farantin da ta shuka ƙwayoyin cuta. Kashegari in fili ya kewaye ɗigon kamar zobe, ƙwayoyin wurin sun mutu ke nan. Sai da ta yi faranti ɗari huɗu kafin wani jan soso ya ba ta zobe, ɗan siriri, amma na gaskiya. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga sunanta a takardar binciken, ko da a can ƙarshe ne. Shekara goma sha tara tana aikin nan ba ta taɓa ganinsa a buge ba, abin kuwa yana ci mata rai.

"Malama," in ji Farfesa ranar da ta yi masa maganar, "takardar ilimi ba motar haya ba ce da kowa zai faɗa. Za mu gode miki a zuci."

Da aka ce kwamitin masana zai zo duba aikin, Farfesa ya sa aka guge farar rigarsa, wadda tun da aka saya ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya kuma sa aka yi wa wani murfin faranti rubutun zinariya da sunansa da duk digirorinsa. Ana saura minti goma baƙi su iso, ya shiga ɗakin gwaji, ya tambayi inda firij yake, ya buɗe. Ya zaɓi farantin da ya fi kowanne faɗin zobe, ya kifa masa murfinsa.

"Ranka ya daɗe, wancan ai..." in ji Anti.

"Malama, ido na manya daban ne."

Anti ta koma gefe ta tsaya.

Minti arba'in Farfesa ya yi yana jawabi. "Na tsunduma cikin teku, teku ta miƙa wuya! Ku dubi zoben nan. Yau ƙwayoyin cuta sun shiga uku!"

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabon sinadari a yatsu, ta karɓi farantin. Ko kallon zinariyar ba ta yi ba, ta juya shi. Duk wanda ya taɓa aikin nan da hannunsa ya san a gindin faranti ake rubutu, saboda murfi yana iya komawa kan wani. Ta karanta da ƙarfi: "Na kwatance. Tsohon maganin kemis."

Ashe farantin da Anti take ɗiga wa maganin kasuwa ne, don ta auna ƙarfin nata da shi. Farfesa dai ya gano maganin da ya girme shi, wanda ake sayarwa a kowane lungu.

"Rubutun wa ye wannan?" in ji dattijuwar.

"Nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Anti.

"To ƙanwata, ina na gaskiyar?"

Anti ta ɗauko farantin mai ɗan siririn zobenta. Dattijuwar ta daɗe tana dubawa a gaban taga, ta yi mata tambayoyi bakwai, ta amsa duka. Farfesa yana gefe yana ta gyaɗa kai, ba wanda ya waiwaye shi. Sai dattijuwar ta ciro biro ta ce Anti ta faɗa mata cikakken sunanta.

Bayan wata shida takarda ta fito, sunan Anti a sahun farko. Shi kuwa Farfesa Dodon Teku, an gode masa a zuci.