Ranar da Na Kai Doka Injin Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je koya wa manajan injin shinkafar garinmu doka. Aikin kula da sito na nema, na ci jarrabawarsu, sai ga saƙo wai aikin na 'yan gari ne, ni kuwa Babarbare ne. Babarbare! Kakana ne fa ya zo daga Barno. A nan gefen Gezawa aka yanke mini cibiya, ko gaisuwa da Barbarci ban iya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wani abokina mai karatun lauya ya ce kundin tsarin mulki ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko asali. Na haddace maganar tsaf, na yi ta bitarta a gona ina yi wa dawa jawabi (dawar kuwa ba ta taɓa musa mini ba).

Ranar kasuwa na ɗau wanka da shaddar Sallah na faɗa ofishin, ko sallama ban ƙarasa ba.

"Alhaji, doka ta haramta abin da kuka yi mini! Kowa ya san a nan sai da kamun ƙafa, marasa zuciya su kawo kaji su durƙusa. To mu gidanmu ba ma roƙo!"

Manajan bayan ƙofa kawai ya kalla. Na juya. Babana ne a durƙushe, ya cire takalmi, ga zabi biyu a ɗaure a gabansa. Ashe tun safe ya zo roƙa mini aikin, bai faɗa wa kowa ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

"Ka gama?" in ji Baba. "To ɗauko zabin mu tafi."

Haka muka ratsa kasuwa, ni da shadda da zabi suna ta kuka, kowa na tambaya nawa ne. Aikin dai ɗan ƙanwar manaja aka ba.

Har gobe ina kan bakana, zalunci aka yi mana: dattijo da furfurarsa ya durƙusa don abin da yake haƙƙina. Sai dai yanzu, kafin in ɗaga murya in faɗi abin da gidanmu ba ya yi, nakan fara tambayar mai gidan.