Kwalin da Hajiya Shatu Ta Zaune

"Lafiya lau na kwana, amarya. Yanzu dai ɗaga min kwalina."

Iliya ke nan, malamin firamare, tsaye a kan kakarsa Hajiya Shatu a tsakar gidansu na unguwar Zango a Wagadugu, ransa a jagule. Wahala ya sha kafin ya zana wa yaran ajinsa wasan koyon zama da jama'a a kan kwali mai gida-gida. A jefa ɗan ludo, wanda ya faɗa gidan kirki ya ci gaba, wanda ya faɗa gidan ɓarna ya ja baya. Yau direktan makarantar zai shiga ajin ya gani, ga tsohuwa ta shimfiɗa kwalin ta zauna daram a kai.

"Ba inda za shi, mijin banza. An karanta min shi tas. Wai 'ka zuba ruwan wanki a titi, ja baya.' Da wa kake?"

"Da yara nake!"

"Yaran ne ke wanki a gidan nan? 'Ka tsallake layi a famfo' fa?"

"Au, ashe kin san kanki."

"Ungo naka! Ni da na girmi famfon zan bi layi? Tun ana jan guga nake Wagadugu."

"Tun kafin a ɗinka gugan ma. Don Allah tashi, na makara."

"Ka saba. Aure ma ka makara, shi ya sa ka liƙe min."

"Ni na makara, ke makara ke jiranki."

"Sai na ga bayanka, ɗan nema. In bari jikokin maƙwabta su yi ludo da mutuncina?"

Haushi ya turnuƙe Iliya. Ba dama ya fizga kwali ya yage, ba dama ya cicciɓi tsohuwa. Dole ya sauke murya.

"To me kike so?"

"Gida ɗaya. In faɗa, ka rubuta."

Ta muskuta, gefen kwalin ya leƙo. Ya durƙusa da bironsa.

"Rubuta: wanda ya ga danja ta yi ja, ya waiga ba ɗan sanda, ya wuce a guje da kakarsa a bayan babur tana salati, ya koma farko."

Hannun Iliya ya tsaya cak.

"Sau ɗaya ne fa! Kuma farko gaba ɗaya? Ke da ruwan wankinki ɗan baya kawai kika ja."

"Ruwan wankina bai taɓa kai kowa asibiti ba. Rubuta!"

Dariya ta ƙwace masa. Ya rubuta, ita kuma ta miƙe tana kaɗe zani.

"Na sallama, amarya. Amma in yara suka tambaye ni wane ne wannan fa?"

"Turo min su."