Sabulun Tsallake

"Lafiya lau, babu gajiya. Ke ce dai na ga kin ƙara tsufa, Uwar Kumfa. Ko tsadar ƙasarku ce ta cinye miki kumatu?"

"Ka ji mutum! Ko takalmi bai cire ba ya fara. Shigo, Ɗan Tsallake, shigo kafin maƙwabta su ɗauka mai tallan tsumma ne ya ɓata hanya."

Tela ya sunkuya ya shiga tsakar gidan, ƙamshin sabulu ya tare shi tun daga soro. Gidan kakansu ne, nan aka haife su duka biyun. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, taubasai ke nan, kuma tun suna rarrafe ba wanda ya taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi. Yana saurayi ya ɗaure keken ɗinkinsa ya haye iyaka ya zauna a maƙwabciyar ƙasa, don a wancan zamani yadi a can kamar kyauta ake bayarwa. Ita kuwa bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan ta kama sana'ar sabulu. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mata tsaraba, ba don zumunci kaɗai ba, sai don ya dire ta a gabanta ya ce ga shaida, can ta fi nan arha.

Yau ma tsarabar na cikin jaka, sai dai zuciyarsa ba ta tare da shi. Shagonsa na can ya rufu. Harajin shago, na allon ƙofa, na shara, ga kuɗin wuta, duk suka taru suka fi ƙarfin allura. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Keken ma yana tasha, ya ba mai shayi ajiya an lulluɓe da buhu. Abin da ya kawo shi guda ne: ɗan shagon ƙofar gida, wanda yake kulle tun rasuwar Kawu. In bai same shi ba, bai san inda zai ajiye keken ba, balle kansa. To amma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cika baki, ta ina zai fara roƙo?

Ta jawo masa kujera 'yar tsuguno, ta koma kan bokitinta tana juya haɗin sabulu da muciya.

"Ba a ba baƙo ruwa a garin nan? Ko shi ma an sa masa haraji?"

"Ruwanmu kyauta ne. Ku ne na ji an ce in mutum ya yi atishawa a kasuwa sai an yanka masa rasit."

"Sharri ake mana. Ta farko kyauta ce."

Ta ƙyalƙyale da dariya har muciyar ta kusa suɓucewa, ta miƙo masa kofi. Ya sha, ya ɓata fuska kamar an ba shi magani, alhali rabon da ya ji ruwa ya yi masa daɗi haka har ya manta.

"To, ya bashi?" in ji ta. "Rediyo ta ce kun sake ciwo wani. An ce jariri a can kafin a yanke masa cibiya an riga an ware masa kasonsa."

"Mu ai don an ga za mu iya biya ake ba mu. Naku manyan da suka je nema, shayi kawai aka ba su aka rako su ƙofa."

"Gara shayin, ba a biyansa da ruwa. Mu bashinmu tsoho ne, ya saba da mu, ya zama ɗan gida. Naku kuwa kullum cikin ƙyanƙyasa yake kamar kaza."

"Da namu aka yi titi."

"Titin da ya karya maka ƙugu? Ai na ga yadda ka zauna, sai ka ce mai jego."

"Wannan naku ɓangaren ne. Tun da muka tsallako direba ya daina tuƙi ya koma addu'a."

"Allah ya shirye ka, ɗan gwaggo. Sukari fa? Yaya yake a aljannar taku?"

"Sukari? Yara ke wasan ƙasa da shi."

"Shi ya sa haƙoranka suka gudu suka bar ka."

Ya shafa baki, ya yi dariya ba don ransa ya so ba. Idonsa ya sauka kan ƙusar da ke jikin bangon ɗakin Kaka, inda a da ake rataye kwalbar kananzir. Ƙusar na nan, ta yi tsatsa, ba wanda ya cire ta. Uwar Kumfa ta bi idonsa da kallo, sai juyin muciyar ya ragu.

"Ka tuna aiken Kaka?" ta ce.

"Wa zai manta? Kananzir can, gishiri nan."

"Mu hau jaki mu biyu, kai a baya don kai ne matsoraci."

"Don ke ce mai faɗi, ba wuri a gaba."

A lokacin iyakar ba komai ba ce face busasshen rafi da wata ƙatuwar bishiya, a ƙarƙashinta wani ma'aikaci mai tumbi yana gyangyaɗi da rediyo a cinya. In ya farka ya gan su, iyakarsa ya ce su gaida Kaka. Kuɗin ƙasashen biyu a gwangwani ɗaya Kaka ke tara su, mai kanti kuma duk wanda aka miƙa masa karɓa yake yi. Mai karɓar haraji kan zo sau ɗaya a shekara, Kaka ya shimfiɗa masa tabarma, su yi ta hirar damina har mutumin ya miƙe ya yi sallama, sai ya kai ƙofa Kaka ya tuna masa abin da ya kawo shi. Tela ya ji kewar wannan zamani ta kama shi.

"A lokacin ba wanda ya san wata ƙasa ta fi wata," ta ce a hankali. "Jakin ma bai sani ba."

"Jakin ya sani. In an juya can sauri yake yi."

"Don ya matsu ya sauke ka ne ya huta."

Ya ga ƙofar magana ta ɗan buɗe, ya gyara murya, ya yi kamar maganar ba ta dame shi ba.

"Wai shagon Kawu har yanzu ɓeraye ke haya?"

"Sun kusa tashi. Wani mai gyaran waya ya zo yana so, na ce ya dawo jibi mu ƙarasa magana."

Jibi. Ya buɗe baki zai roƙa, girman kai ya hana shi.

"Kai, ni kar ka cika ni da surutu," ta ce tana goge hannu a zani. "Ina tsarabata? Ko an ƙwace a iyaka an biya muku bashi da ita?"

Nan ya ɗan samu ƙarfi. Gaskiyar magana, a can bai iya sayen komai ba, kuɗin mota ma da ƙyar. Da ya sauka a tashar garin nan ne ya ga sandunan sabulu a wani kanti, masu kyau, ga arha har ya yi mamaki. Sai dabara ta faɗo masa: me ya fi kai wa mai sabulu sabulu daɗin tsokana? Ya saya, ya naɗe a tsohuwar jaridar can da ya taho da ita, don shaida ta cika. Yanzu ya zaro ƙunshin ya dire a gabanta da hannu biyu.

"Buɗe ki ga abin da ake kira sabulu. Ba wannan kunun ƙasar da kike damawa ba."

Ta warware jaridar. Ta ɗauki sanda ɗaya ta sunsuna, ta juya ta, ta bi gefenta da babban yatsa. Ta ɗago ta dube shi, ta sake duban sabulun.

"Daga can?"

"Daga ina kuwa? Na kamfani ne. Inji ke yi, hannu bai taɓa shi ba."

"Ikon Allah. Da arha kuma?"

"Abin da za ki sayi ɗaya a nan, can sai ki cika kwando. Kumfa kuwa, in kika wanke riga da shi sai maƙwabta sun zo da bokiti suna roƙon ragowa."

"To wannan ɗan layin da ya ratsa gefensa fa?"

Ya leƙa. Lalle akwai wata siririyar tsaga da ta bi gefen kowace sanda.

"Tambarin kamfanin ne. Ke me kika sani?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da wayar da take yanka sabulu da ita, mai ɗan katako a kowane baki. A tsakiyar wayar akwai ƙulli, inda ta taɓa tsinkewa aka ɗaure. Ta jawo akwatin katakon da sabulun jiya ya daskare a ciki, ta ja wayar ta yanko sanda guda, ta ajiye kusa da tasa. Tsagar nan ce dai, a wuri ɗaya, kamar an haife su tare.

"Ga injin," ta ce. "Ga manajan kamfanin a gabanka, da zani. Mai kantin tasha ni nake kai masa duk mako. Shekara da shekaru kana zagin sabuluna, ashe ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaukarsa ka duba ba!"

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, tana nuna shi da wayar. Ya kalli jaridar, ya kalli sabulun, sai ya ji duk ƙarfin da ya tattaro daga tasha ya zube. Da ta ga bai rama ba, dariyar ta tsaya. Tun suna yara ba ta taɓa jifansa da magana ya yi shiru ba.

"Ɗan gwaggo. Lafiya?"

"Ba lafiya ba, 'yar kawu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Can ba ta zaunuwa. Na rufe shago. Abin da nake ɗinkawa a wata, masu rasit ke raba shi kafin ya kai gida. Ko sabulun tsaraba ban iya saya a can ba. Kin ci. Nan ta fi can sauƙi, na faɗa da bakina."

"Ina keken?"

"Yana tasha, wurin mai shayi."

"Ka bar keken da Gwaggo ta sayar da awakinta ta saya maka a wurin mai shayi? Ka zo nan kana min wasan kwaikwayo da jarida?"

Ya sunkuyar da kai. Ta tsaya a kansa, idonta ya cicciko, ta yi maza ta goge da bakin mayafi kamar hayaƙi ne ya shige shi.

"To bari ka ji. Wannan maganar da ka yi, wai na ci, mayar da ita inda ka ɗauko ta. Ban karɓa ba."

"Ai gaskiya ce."

"Wa ya tambaye ka gaskiya? Nan ɗin ma wuta ce, gobe za ka ga masu rasit ɗinmu, sun fi naku sammako. Duba gidan nan. Kaka ya tafi, Baba ya tafi, Gwaggo ta tafi. Duk wanda ya san jakin nan ya tafi, saura ni da kai. In ka sallama, da wa zan yi faɗa?"

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan makulli da ya yi baƙi don tsufa, ta jefa masa a cinya.

"Mai gyaran waya fa?" ya ce, bai yarda ya ɗago ba.

"Rabu da shi. Na ce masa kansa kamar tulu, ya ce na gode Mama. Me zan yi da irin wannan a ƙofar gida?"

Dariya ta ƙwace masa tare da hawaye, ya rasa wanne zai tare. Ya ɗauki makullin ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja hanci, ya gyara hula, ya ɗaga shi sama yana yatsina fuska.

"Wannan ne makulli? A can irin wannan ko akurkin kaji ba a rufewa da shi."

"Yauwa!" in ji Uwar Kumfa, ta koma kan muciyarta tana dariya. "Yanzu ka iso. Tashi ka ɗauko keken kafin mai shayi ya fara yanka maka rasit."