Kwamfutar Benson a Falon Rosaline

"Lafiya lau, mun gode Ubangiji. Ya hanya? Ya su babanka? To ya isa, tashi daga durƙuson nan kafin gwiwarka ta ƙage, ango marar cefane. Mene ne a kwalayen nan?"

Matata Rosaline ke nan take yi wa jikanmu Benson maraba, wata Asabar da safe, a gidanmu na Ikara. Benson ya gama karatu a Zariya, a can kuma ya koyi haɗa kwamfuta. Wani matashi mai suna Muktar, wanda ke shirin buɗe shagon buga gem a Kudan, shi ya ba shi aikinsa na farko: ya haɗa masa kwamfuta guda, ba ta manyan attajirai ba, ba kuma ta wasan yara ba, tsaka-tsaki. Sun yi da shi zai zo bayan la'asar ya ga gwajinta da idonsa. In ta kai abin da Benson ya yi alkawari, sauran kwamfutocin shagon duka shi zai haɗa. In ta gaza, Muktar ya ce Kano zai nufa. Gidanmu Benson ya zaɓa saboda muna da sola, wuta ba ta yankewa. Na jawo kujerata kusa da tebur, don tun ina yaro ban iya ganin ana kwance inji ko ana ɗaura shi in wuce ba.

"Lefenki ne, Kaka," in ji Benson. "Na gaji da gori."

"Lefe a kwali? Kakanka da kake rainawa akwatin ƙarfe ya kawo mini."

"Shi ya sa har yau kike ƙara kamar murfinsa."

"Za ka ci tuwon gidan nan ka gani. Wannan kejin fa? Zabi za ka kiwata?"

"Gidanta ne. Komai a ciki zai zauna."

"Gida da bangon gilas? Kowa ya wuce ya leƙa hanjinta? Ba ta da kunya, irin mai ita."

Benson ya miƙe ya taɓa ƙarfen taga da tafin hannu, sannan ya dawo ya buɗe wani ɗan kwali. Na tambaye shi dalili. Ya ce jikin mutum yakan tara 'yar wuta, wadda ba ma jin ta, amma tana iya kashe kayan nan.

"Wuta a jikinka?" in ji Rosaline. "Kai da ko murhu ba ka iya hurawa?"

"Ai ke kika shanye ta da faɗa. Matso ki ga ƙwaƙwalwar."

Wani ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai fi biskit ba. Ya ɗora shi a hankali a kan babban allon da ake dasa komai, ya danne da wani ɗan maƙulli.

"Ƙwaƙwalwar ke nan duka? Kai, gado ba ƙarya ba ne. Kamar an auna da taka."

"Wannan 'yar da kike gani, kafin ki tuna inda kika ajiye tabaranki ta gama lissafin jihar Kaduna."

"To ta faɗa mini inda tabaran yake mana, in ta isa."

"Yana goshinki."

Ta shafa, ta same shi, ta yi kamar ba ta ji ba. Benson ya matsa wani farin mai daga 'yar sirinji, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, a tsakiyar ƙwaƙwalwar. Ya bayyana mini cewa man yana cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakaninta da ƙarfen da ke janye mata zafi. Na tuna keken rubutu na ofishin mishan, wanda muke ɗiga wa mai da gashin kaza. Shi ma an hana mu cikawa.

"Rowa har a mai!" in ji Rosaline. "Miƙo nan in shafa mata yadda ya kamata. Ni na yi wa ubanka shafa tun yana jariri."

"Shi ya sa har yau in ya tsaya a rana ba a iya kallonsa."

Daga ƙarshe ya fito da abu mafi girma a cikin kayan, mai nauyi kamar bulo, da fanka biyu a jikinsa. Ya riƙe shi da hannu biyu kamar yadda ake riƙe jariri ranar suna.

"Wannan shi ne katin hoto. Duk abin da za a gani a gem, shi ke zanawa. Na yi wa Muktar alkawarin hoto ɗari a kowace daƙiƙa."

"Ƙarya kake, Benson! Inuwa mai hoto na bakin kasuwa, hoto ɗaya sai mu yi mako muna jira."

"Ai gyaran fuskarki ne ke cin lokacin."

"Ilisha, kana ji yana zagin matarka ka yi shiru?"

Na ce ni ban shiga tsakanin miji da mata ba, ina dai son in san me ya sa hoton sai ya kai ɗari. Benson ya ce in hotunan suka yi yawa, motsi yakan tafi sumul kamar ruwa. In suka yi kaɗan, sai abu ya riƙa tsalle-tsalle, yara kuwa ba za su biya su zauna gaban mai tsalle ba.

Wajen azahar ya gama ɗaure wayoyi, ya danna maɓalli. Fankoki suka juya, fitilu ja da kore da shuɗi suka kama a cikin gilas ɗin.

"Kirsimeti ta zo da wuri," in ji Rosaline. Amma na ga ta matso.

Gwajin kansa abin kallo ne. Wata jar mota ce ke tsere a cikin wani birni, ana ruwan sama, babu mai tuƙa ta. A kusurwar allon kallo lambobi biyu suna rawa: ɗaya tana ƙirga hotuna, ɗaya tana faɗin zafi. Ta hotuna ta haura ɗari ta zauna. Benson ya ce wannan bai isa ba, domin a shago tun safe har dare za a riƙa bugawa, dole a bar ta ta daɗe tana gudu a ga ko za ta gaji. Ya sauke kwamfutar ƙarƙashin tebur don kada a yi karo da ita, ya bar motar tana zagaye, ya tafi tasha ya tarbo Muktar, wanda bai san gidan ba.

Rosaline kuwa, in an ce baƙo zai zo, akwai abin da ba ta tsallakewa. Ta share falo, ta shimfiɗa wa kujeru mayafansu, ta rufe rediyo, ta rufe talabijin. Sannan ta buɗe adaka ta ɗauko wata riga mai kauri da ta ɗinka a zumuntar matan majami'a domin keken ɗinkinta, mai furanni a waje da shafin leda a ciki saboda ruwa. Ta durƙusa ta zura wa kwamfutar tun daga sama har ƙasa, ta kawo babban mayafin tebur ta sake shi har ya taɓa siminti. Ina kallo ban hana ta ba. Mu a makarantar mishan abin da aka koya mana ke nan: inji mai daraja ba a barinsa a buɗe.

Da suka iso, Muktar ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, yaro mai natsuwa. Sai ya ɗaga kai ya dubi allon kallo. Motar tana tafiya tana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Lambar hotuna ta faɗo ƙasa da rabi, ta zafi ta koma ja, daga ƙarƙashin tebur kuma wani gurnani ke fitowa kamar injin niƙa.

"Ango, motarka ta taka ƙaya ne?" in ji Rosaline. "Ko direban irinka ne, sai ya ci tuwo yake motsi?"

Benson ya matsa gaban allon. Wannan ne karo na farko da na ga ta jefa masa magana ta faɗi ƙasa. Ya tsaya yana duban lambobin, gumi na bin wuyansa. Muktar ya gyara hula, ya ce a hankali, "Malam Benson, ba haka muka yi ba fa."

"Wallahi da na fita lafiya take. Ko man ne bai zauna ba? Bari in buɗe."

Ya ɗaga mayafin tebur. Furanni suka dube shi.

"Kaka! Wa ya sa mata riga?"

"Ni mana. Baƙo zai shigo falona ya tarar da abu tsirara, hanji a waje?"

"Ta nan take numfashi!"

"Numfashi? Ɗazu ka ce ƙarfe ce."

"Fanka biyar na sa mata, kin toshe su duka da leda!"

"Ni da zafin Ikara nake ɗaura zane biyu da gyale in je sujada, ka taɓa jin na suma?"

"Ke ai an daina ƙera irinki tun kafin a kawo lantarki."

Ya fizge rigar. Wani hucin zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Muktar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya a gaban tsofaffi. Da ya samu kansa ya ce shi dai abin da ya gani da ido shi zai bi: a bar ta ta huce, a sake gwajin daga farko, yana zaune.

Rosaline ta fita, ta dawo da zoɓo ta ajiye wa baƙo, a ɗaya hannun kuma da mafici. Ta jawo 'yar kujera ta zauna gaban gilas ɗin ta shiga fifita.

"Kaka, ba ta bukata."

"Rufe mini baki. Ni na sa mata zazzaɓi, ni zan yi jinya."

"Da haka kike jinyata da na yi ƙiba."

"Kai ciwonka ba na fifita ba ne, na bulala ne. Ilisha, karanto mini lambar nan, idona bai kai ba."

Na gyara tabarau na riƙa karantawa da ƙarfi, yadda muke karanta lambar waƙa a majami'a. Lambar zafi ta bar ja. Ta hotuna ta hau, ta wuce ɗari, ta tsaya a can. Motar ta miƙe tana feshin ruwa, ta zagaya birnin, ta sake zagayawa, ba ta yi tuntuɓe ba. Muka zauna har inuwar mangwaro ta kai bakin ƙofa, lambar ba ta sauko ba.

Na tambayi Benson me ya hana ta ƙonewa ɗazu. Ya ce in zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don ta tsira.

"To ta fi ka hankali," in ji Rosaline. "Kai in ka ji zafi baki kake ƙarawa."

Muktar ya ajiye kofi ya ce ya gamsu. Ya ce abin da ya jure leda ya fito da rai zai jure yaran Kudan, sauran ma Benson zai haɗa. Benson ya sauke numfashi, ya zauna daɓas a ƙasa. Sai Muktar ya ɗauki rigar daga kan kujera, ya juya ta ciki da waje, ya shafa ɗinkin.

"Wannan fa, tana cikin kayan? Shagon nawa a bakin titi yake, motocin rake suna wucewa suna tayar da ƙasa. In an kashe ta an tashi, irin wannan nake so a rufe ta da ita."

Benson ya dubi Muktar, ya dubi kakarsa. Rosaline ta ajiye mafici a cinya, ta harɗe hannu, ta ɗaga kai tana nazarin silin.

"Kaka."

"Wa ke kira? Ni da aka daina ƙera irina?"

"Amarya. Hasken Ikara."

"Ban ji ba, kunnen ma tsohon yayi ne."

"Ki taimaki mijinki, kasuwa ce."

"Sai ka faɗa a gaban baƙo: a kayan nan duka, na wa aka gani aka roƙa?"

Benson ya fashe da dariya, ya koma kan gwiwoyinsa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Naki. Na sallama. Ni ɗan koyo ne, ke ce injiniya."

Ta karɓi rigar daga hannun Muktar, ta kifa wa Benson a ka har wuya, tana dariya har da hawaye.

"Ɗauka, na ba ka kyauta, ka haɗa masa a cikin kayan. Kai kuma ɗana Muktar, ka ji da kyau, kada ka biye wa tsofaffi: in tana aiki, a tuɓe ta."