Injiniya Sai-Anjima Ya Ci Lambar Yabo

Duk Dutse babu mai zane a kwamfuta kamar Injiniya Jaji. Wanda bai yarda ba ya tambayi Injiniya Jaji. Katin biki, kalandar makaranta, hoton ɗan takara mai murmushi, duk daga shagonsa suke fitowa, kuma a ƙasan kowanne akwai sunansa da haruffan da suka fi na ango girma. Jami'ar da ta ba shi injiniyancin ba a gano ta ba tukuna, amma ana kan bincike.

Babban abin alfaharinsa shi ne manhajar zanensa. Shekara bakwai ke nan kullum da safe tana fito masa da saƙo cewa a sabunta ta, an toshe wasu ramuka. Kullum da safe shi kuma yana danna "sai anjima", cikin nutsuwar babban mutum mai sallamar maroƙi.

"Ni za ta koya wa aiki?" in ji shi. "Ni na raine ta. Abin da hannuna ya saba da shi ba ya bukatar gyara."

Daga nan 'yan layi suka raɗa masa Injiniya Sai-Anjima, shi kuwa ya ɗauka yabon haƙurinsa ake yi.

A makon da abin ya faru, aikin Malam Misbahu na Aujara ne a hannunsa: takardun shaidar ɗalibai talatin da biyu da suka sauke Alƙur'ani. Walima ranar Asabar, an riga an sayi raguna, iyaye sun gayyato dangi har daga Taura.

Ranar Laraba saƙo ya shigo daga wata ƙungiya da ba wanda ya taɓa jin sunanta. An zaɓe shi Gwarzon Mai Zane na Arewa. Takardar yabon tana haɗe, sai dai a manhajar zane kawai take buɗuwa.

Zulaihatu, 'yar ƙanwarsa da ta karanta kwamfuta take taya shi aiki, ta leƙo ta ce, "Kawu, don Allah kada ka buɗe. Manhaja tana ware wa fayil wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar kwanon awo. Mugu sai ya haɗa fayil da ya fi kwanon. Tsohuwar manhaja ba ta dubawa, zubawa kawai take yi har ya malala inda umarni yake. Abin da ya malala ɗin nan umarnin ɓarawo ne, kuma shi kwamfutar za ta bi."

Injiniya ya gyara hula. "Wato lambar tawa ce ta fi ƙarfin kwamfuta? Ai dama na sani. Ke dai hassada ce irin ta masu digiri. Mutanen nan daga nesa suka hango ni, ke kina gindina ba ki gani ba."

Ya danna.

Takarda ta fito, da zinariya a gefe da sunansa a tsakiya. Manhajar ta ɗan sandare, ta rufe kanta, ta dawo. Injiniya ya ce girman abin ne ya girgiza ta. Kafin la'asar ya buga ƙaton kyalle ya rataya a ƙofar shago, da hotonsa yana kallon sama.

Ranar Alhamis ya zo buga takardun Malam Misbahu, fayil ya ƙi buɗuwa. Ya gwada kalanda, ta ƙi. Ya gwada katin bikin da ya yi bara, shi ma haka. Aikin shekara bakwai duk an kulle, fayil ɗaya tak aka bar masa a buɗe, wato takardar yabonsa. Gaskiya na tausaya masa, na kusan minti biyu.

Zulaihatu ta miƙe. Ta ciro filas na kwamfuta daga jakarta, wanda take kwafe aiki a ciki duk yamma duk da ya hana, wai rashin yarda ne da kwamfutarsa. Ta tsallaka shagon Tasi'u, abokin hamayyarsa da yake kira ɗan koyo, ta bugo takardu talatin da biyu cif. A ƙasansu babu sunan kowa.

Ranar Juma'a Malam Misbahu ya zo karɓa. Ya duba takardun ya sa albarka, sannan ya ɗaga kai ya karanta kyallen ƙofa a hankali, ya ciro wayarsa.

"Injiniya, ashe tare muka ci. Jiya saƙo ya zo min daga wajenka, wai ni ma Gwarzon Mai Zane na Arewa ne. Ni da ko layi ban iya ja da kwamfuta ba."

Fayil ɗin ya bi duk sunayen da ke cikin kwamfutar ya aika wa kowa lambarsa. Tasi'u ya samu. Mai gyaran janareta ya samu. Hajiya Iyatu mai abinci ta samu, har ta sa a tambayo mata ko ana haɗawa da atamfa.

Kyallen dai yana nan a ƙofa. An ce ya sauke, ya ce sai anjima. Yanzu in ka shiga layin ka kira "Gwarzo!", mutum goma sha ɗaya ne ke waiwayowa, Injiniya kaɗai ke sunkuyar da kai.