Tela Ya Bar wa Ƙasa Rara

"Lafiya lau, amarya. Ya makaranta? Ko yau ma kujera kika je ɗumama musu?"

"Makaranta na nan, tsoho. Ina aikina?"

Rana ta yi sanyi, haskenta ya shigo shagon a gajiye ya kwanta a kan keken ɗinki. Tsohon tela na zaune, tabarau a karan hanci, ƙafafunsa sun kumbura da taka keke tun safe. Jikarsa ta yar da jaka a bakin ƙofa. Ta faɗi jarrabawar labarin ƙasa, malama kuma ta ce taswirar da za ta kawo gobe ita ce dama ta ƙarshe, in ba ta yi kyau ba sai maimaita aji. Shi ya sa da safe ta bar masa zanen kowace jiha a takarda ya yanka mata a ƙyallaye masu launi, da farin yadi da ta zana kogi a kai ya bi da zare.

Ya miƙo mata leda. Ta shimfiɗa yadin a tebur ta fara jera jihohi, sai ta dafe kai.

"Na shiga uku! Tsoho, me ka yi wa ƙasar mutane?"

"Yanka na yi, yadda aka sa ni. Ko sannu ban samu ba."

"Dubi wannan jihar ta hau kan maƙwabciyarta! Ta kudu ta faɗa teku. Babban birni ma ya ɓace, an danne shi."

"Rara na bari a gefe. Wane tela ne ke yanka yadi cif-cif? In ƙasar ta yi ƙiba fa, ta ina za a buɗa?"

"Ƙasa ba ta ƙiba!"

"Ke me kika sani? Da nake yaro ba ta kai haka cika ba."

"Da kake yaro ai ba a gama shimfiɗa ta ba. Kai ka riƙe musu tef ranar da aka auna duwatsu."

"Na riƙe, kuma ko ɗaya bai karkace ba. Ke da ko maɓalli ba ki iya sawa daidai."

Ta ɗaga ƙyallayen don ta duba ƙarƙashi. Ɗinki ne sambal, daga sama har ƙasa, ko gargada babu.

"Wannan kuma mene ne?"

"Koginki. Wadda ta zana shi hannunta na rawa, sai na rufa mata asiri na miƙe shi."

"Kogin ne ke lanƙwasa, angon ƙarya! Daga tudun arewa yake gangarowa, ya ci karo da duwatsu ya kauce gabas, ya haɗu da ƙaninsa a tsakiya, sannan su tafi teku tare. Ka miƙe shi, ka bar garuruwa da ƙishirwa, ka kai wa dutse ruwa!"

Tsohon ya leƙo ta saman tabarau.

"Ashe kin sani? To me ya ɗaure miki baki a jarrabawa?"

"A littafi ba ya zama a kaina. Sai da na zana shi da hannuna."

"Kan naki ai kwando ne, a wajen uwarki kika gado."

"Ita uwar tawa 'yar wa ce?"

Ya kau da kai ya gyara tabarau. Ita ma ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta cire takalmi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa: "Kaka, in na maimaita, ƙanwata za ta same ni a aji ɗaya."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗinkinsa mai kyau. Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo reza ya fara farke shi, zare bayan zare.

"Ɗauki almakashi ki rage wa jihohinki ƙiba. Ki fara zura min shuɗin zare a allura, idona ya tashi daga aiki."

"Ka yarda na kayar da kai?"

"Na yarda, ja'ira." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Duk wanda ya taɓa yi min karkataccen ɗinki a shagon nan korarsa na yi. Tura ƙofar nan, kada maƙwabta su gan ni."