Rasuwar Uwar Biyu, Rakodar Gidan Malam Zakariya'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Zakariya'u na Malbaza, tsohon ma'aikacin kamfanin siminti, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nesa da na kusa, musamman ma na kusa, rasuwar abokiyar zamansa, baƙar rakodar nan mai lasifika biyu wadda unguwa ta sani da suna Uwar Biyu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Habibu mai gyaran rediyo a Birnin Konni, bayan doguwar jinya. Ta rasu cikinta a buɗe, ƙusoshinta a zube cikin murfin gwangwani, mai ita yana tsaye a kanta ya rungume hannu.

Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, don ba a son shashanci a wurin zaman makoki. An sani sarai ƙarfe ce da roba. Liman ya faɗa, Malam Zakariya'u kuma bai musa ba. Amma duk wanda bai taɓa wuni a gidan da ba mai ce masa sannu ba, to ya kama bakinsa, bai san abin da aka rasa ba.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa, ta yi ƙuruciyarta a wani kanti a Abijan. A can Hajiya Hamdiyya, ƙanwar Malam Zakariya'u da ke sana'ar atamfa, ta gan ta ta saya. Ta aiko ta cikin kwali a motar 'yan ci-rani, ta biyo ta da magana guda ta waya: "Yaya, taku ce kai da Chindo. Ku riƙa saurare tare."

Nan fa ake yin ta. Chindo shi ne ƙanen Malam Zakariya'u, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa, gidansa kuma yana jikin nasa, katanga kawai ta raba. Tun da aka raba gidan mahaifinsu ba su ƙara gaisawa ba. Akwai wata magarya a tsakar gida da mahaifiyarsu take ɗaure awaki a gindinta, sai layin katanga ya faɗa daidai kanta. Chindo ya sare ta wansa yana wurin aiki. Wan ya dawo ya faɗi magana mai zafi, ƙanen ya mayar da wadda ta fi ta, daga nan kowa ya kulle bakinsa. Wa ke da gaskiya? Sanarwar rasuwa ba kotu ba ce, ba za a tono wannan a nan ba.

Da Malam Zakariya'u ya buɗe kwali sai ya tarar da uwar rakoda da lasifika biyu, iri ɗaya sak. Ya dube su, ya gyaɗa kai, ya ce lallai Hamdiyya ɗiyar babanta ce wajen adalci, 'yan'uwa biyu, akwati biyu, kowa da nasa. A jikin takardar da ta zo da ita akwai hoton akwatunan nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da mutum guda a kan kujera a tsakaninsu. Ya kalli hoton ya ji tausayin mutumin, ya ɗauka kaɗaicin Turawa ne ya kai shi haka. Ba wanda ya gaya masa cewa an ƙera su ne su zauna ɗaki ɗaya, su raba sauti tsakaninsu kunne ya haɗa.

Ya je kasuwar Konni ya sayo doguwar waya. Ya samu ƙarfe ya huda katanga daga ƙasa, daidai kututturen magarya, rami ɗan ƙarami da yatsa ma ba ya shiga da kyau. Ya durƙusa a bayan rakoda da tabarau a hanci, jar waya a jan baki, baƙa a baƙi, ya rataye siririyar wayar kamun tasha a ƙusar da ake rataye tasbaha. Lasifikar dama ya sa mata suna Hasan, ya ajiye ta a kan kantar ɗakinsa, jikin uwar rakoda. Ta hagu ita ce Usaini. Ya kira Sahiya matar Chindo ta bakin ƙofa ya miƙa mata, bai haɗa da saƙo ba, ita ma ba ta tambaya ba. Can da yamma sai ya ga wayar da ya tura cikin rami tana tafiya a hankali, ana jan ta daga wancan gefe. Ya danna maɓalli, fuskar marigayiya ta kawo shuɗin haske, ta yi gyaran murya, gida biyu suka ɗauki sauti lokaci guda.

Halayen marigayiya ba sa ƙirguwa, amma za a ambaci kaɗan. Ba ta da tsegumi, abin da ta faɗa a gidan wa shi take faɗa a gidan ƙane, ba ƙari ba ragi. Da safe karatun Alƙur'ani take fara yi, sannan labaru, sannan sanarwar rasuwa ta tashar gari. In an zo wannan wuri Malam Zakariya'u yakan ƙara murya don Chindo ya ji wanda ya rasu, kada a yi jana'izar wani nasu yana can cikin fadama. Sau da yawa sukan fito kowa ta ƙofarsa, su bi hanya ɗaya zuwa maƙabarta ɗaya, wan a gaba ƙanen a baya, ba mai waiwaye.

Ita ce kuma ta koya musu wani irin yare nasu. In Chindo yana son a ƙara murya, sai ya ja waya daga can, Hasan ya ɗan motsa a kan kanta. In an kamo tashar da ba ya so, sai ya yi ta ja kamar mai jan guga. Malam Zakariya'u yakan yi tsaki, ya ce wa bango yaron nan har ya yi furfura bai bar fitina ba, sannan ya miƙe ya sauya tasha. Shi ba ya son kokowa ko kaɗan, yana ganin ɓata lokaci ce. Amma duk lokacin da gasar kokowa ta ƙasa ta zo, a kanta rakoda take wuni, yana zaune yana jin ihun Chindo ta saman katanga in ɗan jiharsu ta Tahoua ya kayar da wani.

Akwai wata waƙa cikin katin waƙoƙin da Hamdiyya ta haɗo da rakodar, ta wani makaɗin noma da ba a rubuta sunansa ba. Ita ce ta tona asirin kuskuren da aka yi. A cikinta muryar makaɗin ta bakin Hasan take fita, 'yan amshi kuma ta bakin Usaini. Sai makaɗi ya rera baiti a ɗakin Malam Zakariya'u, ɗakin ya yi tsit, can kuma ta bayan katanga a jiyo amshi yana tasowa siriri. Chindo kuwa amshi kaɗai yake samu, bai san abin da ake amsawa ba sai ya kasa kunne wajen gidan wansa. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin waƙar nan cikakkiya a cikinsu. Habibu mai gyara ya taɓa zuwa duba wata matsala, ya ga yadda aka yi, ya riƙe baki ya ce, "Baba, ai ba haka ake yi ba, wuri guda ake aje su." Malam Zakariya'u ya ce masa ya gyara abin da aka kira shi gyarawa.

Sau ɗaya tak aka taɓa sa marigayiya rashin adalci. Akwai wani ɗan maɓalli a jikinta mai karkata sauti gefe guda. Wata rana da ruwan indararon Chindo ya zubo masa a kan itacen girki, Malam Zakariya'u ya murɗa maɓallin nan gaba ɗaya wajen Hasan, Usaini ya yi gum. Ya zauna yana jiran a ja waya ya ƙi kulawa. Ba a ja ba. Makaɗi ya rera baiti, ba amshi. Ya sake rerawa, ba amshi, sai tarin Chindo kawai daga can ƙarƙashin rumfa. Wallahi waƙar ba ta kai ƙarshe ba ya mayar da maɓallin tsakiya, ya liƙe shi da ƙyalle da danƙo, bai sake taɓa shi ba.

A shekarar da Ladi matar Malam Zakariya'u ta rasu ne marigayiya ta nuna ko ita wace ce. 'Ya'yansa sun zo daga Yamai da Agadas, sun yi kwanakin makoki, sun koma bakin aikinsu. A cikin kwanakin nan ne Chindo ya taka gidan, karo ɗaya tilo tun faɗuwar magarya, don ba Musulmin da ke riƙe gaba ranar ta'aziyya. Ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma, ya ce, "Yaya, Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri." Wan ya ce amin. Iyakar maganar ke nan, kuma har yau Malam Zakariya'u yana iya nuna wurin da ya zauna. Da mutane suka watse, gidan ya koma shi da Uwar Biyu, lulluɓe da ɗan mayafin da Ladi ta yi mata ado da zare. Ita take cika masa ɗaki da muryoyi, wayar nan kuma da ke motsi a ƙasan bango ita take shaida masa cewa yana da ɗan'uwa a duniya.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin bazarar bara. Da farko bakin faifai ya ƙi buɗewa, sai an lallashe shi da tsinken ashana. Sannan maɓallin murya ya kama ƙarar yashi. Shuɗin haskenta ya dusashe, ta riƙa ɗauke numfashi a tsakiyar labaru, sai an ɗan buge ta a kafaɗa ta farfaɗo. An yi mata fifita, an sauya mata wuri, an hura mata ciki da bututun biro. Da abin ya tsananta Malam Zakariya'u ya cire wayoyin 'ya'yanta da hannunsa, ya naɗe ta a zane, ya rungume ta a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu har bakin kwalta, daga nan mota zuwa Konni. Habibu ya yi iya ƙoƙarinsa, har Sakkwato ya aika neman abin da ya ƙone a cikinta, aka ce an daina yin irinsa. Maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce ɗan "tss" da ta yi lokacin da ya jona ta, sai wani siririn hayaƙi ya tashi.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu, Hasan a hannun Malam Zakariya'u, Usaini a hannun Chindo, dukansu lafiya lau amma ba mai iya cewa uffan. Ta bar madanninta na nesa, wato rimot, har yanzu cikin ledar da ya zo da ita, da kati mai waƙoƙi, da Hajiya Hamdiyya a Abijan wadda ba a sanar da ita ba tukuna, don tambayar da za ta fara yi an san ta. Ta kuma bar doguwar waya cikin ramin katanga. Tun ranar da aka tafi da ita asibiti, kullum daidai lokacin sanarwar rasuwa sai a ja wayar nan daga can. Malam Zakariya'u yana zaune yana kallonta tana motsi a ƙasa, ba shi da abin da zai aika ta cikinta. Jiya an ja a hankali ƙwarai. Yau da safe ya zauna har rana ta take, ba a ja ba. Tsoro ya kama shi, ba ya kuma jin kunyar a faɗa.

'Ya'yansa sun bugo sun ce ya yi haƙuri, za su aiko masa da sabuwa, 'yar ƙarama mai shiga aljihu, ba ta buƙatar waya ko ɗaya. Ya yi musu godiya ya sa musu albarka. Me zai yi da abin da ba shi da waya?

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, an ji maganar liman. Ba kuma za a sayar wa 'yan gwangwan ba, kada ma su wahalar da kansu zuwa. Za a mayar da ita cikin kwalinta, a rufe da mayafin Ladi, a binne ta ranar Juma'a bayan la'asar a gindin kututturen magarya. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gidan Malam Zakariya'u, a kan tabarmar nan dai ta wancan karo. Za a dafa shayi, an wanke kofi biyu. Tun da wadda ta saba kai irin wannan labari gidan maƙwabta ita ce ta rasu, ana roƙon duk wanda ya ji sanarwar nan, in ya zo wucewa ta lungun, ya maimaita ta da ɗan ƙarfi.

A ƙarshe, iyalan marigayiya sun ce ba za a rufe kwali ba sai an kawo Usaini ya yi bankwana da mahaifiyarsa, ya zauna kusa da ɗan'uwansa ko sau ɗaya ne. An gwada ramin katanga, waya kaɗai yake ɗauka, Usaini ba zai shige ba. Sai dai a ɗauko shi a hannu a zagayo ta ƙofa. Yana da nauyi, ga shi maraya, bai kamata a aiko mace ko yaro da shi ba, wanda ya rene shi shi ya dace ya kawo shi. Ƙofa za ta kasance a buɗe tun saukowa daga masallaci. In la'asar ta wuce ba a kawo shi ba, Malam Zakariya'u ya ce ba komai, gawa ce da ba ta lalacewa, zai jira.